Olabisi Ajala, Ɗalibin Da Ya Ƙetare Amurka A Kan Keke

Duk wanda ya zauna da Yarabawa, ko a nan Mararaba ko a wani gari, ya san in suka ga mutum mai yawan yawo, wanda yau yana nan gobe yana can, sai su laƙaba masa suna Ajala. Har yara su kan tsokani juna da sunan, amma kaɗan ne cikinsu suka san an yi mutum mai wannan suna, wanda ya yi abin da ya sa sunan nasa ya zama kamar karin magana. Labarinsa na ke so in ba 'yan'uwana ɗalibai, musamman labarin tafiyarsa ta fari, wadda ya yi a kan keke, shi kaɗai, tun yana ɗalibi kamarmu.

Cikakken sunansa Moshood Adisa Olabisi Ajala. An haife shi a ƙasar Gana, tun Turawa na kiranta Gold Coast, amma iyayensa Yarabawa ne, mutanen Nijeriya. Gidansu gidan yawa ne ƙwarai, gama ubansa na da mata 4 da 'ya'ya 30, shi ne na 25. Wanda ya tashi a irin wannan gida ya san yadda abin ya ke. In ba ka iya ɗaga murya ba, ba a san kana nan ba, in kuwa ka tsaya jin kunya a bakin akushi, da yunwa za ka kwana. Ni dai ina ganin tun daga nan ya koyo halin nan nasa na kutsa kai inda ba a kira shi ba, halin da ya kai shi gaban shugabannin duniya, ya kuma jefa shi cikin wahala ba sau ɗaya ba.

Da iyayensa suka komo gida Nijeriya, sai aka sa shi makarantar mishan ta Baptist Academy a Ikko, daga baya kuma ya yi Ibadan Boys' High School a Badun. Yana da shekara 18 ya tafi Amurka neman ilmi, da niyyar zama likita. Ya zauna a birnin Shikago, ya yi karatu a Kwalejin Roosevelt. Ita wannan kwaleji tana da nata labari. An kafa ta cikin 1945, sa'ad da wani shugaban makaranta mai suna Edward Sparling ya ƙi ba hukumar makarantarsa lissafin ɗalibai bisa launin fata da addini, don ya gane so a ke a rage baƙaƙe da Yahudawa. Ya bar aikin, malamai da ɗalibai da yawa suka bi shi, suka buɗe sabuwar kwaleji wadda ba ta tambayar mutum launinsa. To, a nan Ajala ya ke karatu cikin 1952.

A zamanin nan yawancin mutanen Amurka ba su san kome game da Afirka ba sai abin da suka gani a majigi. Finafinan Tarzan su ne malamansu. A zatonsu duk ƙasar kurmi ce, da namun daji, da mutane tsirara masu rataye da ganye ko warki. Ku tuna fa, a lokacin an riga an buɗe Kwalejin Jami'a ta Badun tun 1948, jirgin ƙasa ya fi shekara 40 yana zuwa Kano daga Ikko, jiragen sama na sauka Kano daga Turai, an kuma yi sabon tsarin mulki na Gwamna Macpherson cikin 1951, har 'yan ƙasa sun fara riƙe muƙaman minista. Duk wannan bai kai kunnen mutumin Shikago ba. Ɗaliban Afirka da ke can kullum suna shan tambayoyin da ke sa mutum ya rasa ko dariya zai yi ko fushi. Mafi yawansu su kan haɗiye, su koma ga littattafansu. Shi Ajala sai ya ƙudura zai bi ƙasar gari gari, ya tsaya gaban jama'a ya gaya musu ci gaban da ƙasarsa ta samu, su kuma gan shi da idonsu cikin suturar mutanensa.

Abin hawan da ya zaɓa shi ne keke, wanda kakanninmu ke kira basukur. Dalibi ba shi da kuɗin mota, wannan gaskiya ne. Amma akwai dabara a ciki wadda ta fi ta kuɗi. Baƙon da ya sauko daga jirgin ƙasa ba wanda zai waiwaye shi. Baƙar fata kuwa cikin babbar riga da hula, yana tuƙa keke a kan hanyar da motoci kaɗai ke bi, ko bai buɗe baki ba ya riga ya tara jama'a, ya kuma jawo 'yan jarida.

To, bari mu tsaya kan shirin tafiyar, don a nan ne na ga abin ya fi ban sha'awa. Daga Shikago zuwa Los Anjalas, ta hanyar da ya bi, mil 2,280 ne, watau kilomita wajen 3,670. Wannan ya fi tsawon hanyar jirgin ƙasa daga Ikko zuwa Kano sau uku. Ya ɗibar wa kansa kwana 30. Wanda ya raba 2,280 gida 30 zai sami mil 76, ke nan abin da ya wajaba ya ci kowace rana, ba Lahadi ba Jumma'a. Bai tsaya nan ba, sai ya shirya yin lacca a manyan garuruwa 11 da ke kan hanya. Wannan ya ƙara ɗaure shi, gama mai yawon shan iska in ya gaji ya kan kwana biyu a gari ɗaya, amma wanda jama'a ke jira ba shi da wannan dama. Kuma dole ya isa da sauran ƙarfin da zai tsaya ya yi jawabi da Ingilishi, ya amsa tambayoyi, bayan ya wuni yana taka feda.

Kakanninmu sun san doguwar tafiya, ba sai an koya musu ba. Fatake sun yi ta zuwa Gwanja sayen goro, wata da watanni a hanya, alhazai kuma sun taka ƙasa ta Barno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya, waɗansu sai bayan shekaru su ke komowa. Amma su ayari su ke yi. Akwai madugu mai shugabancin ayari, da jagaba wanda ya san hanya, da uban dawaki mai lura da zango, a kowane babban gari kuma akwai mai masauki da ya san da zuwansu. Mai tafiya shi kaɗai a kan keke, shi ne madugu, shi ne jagaba, shi ne kuma jakin da ke ɗauke da kaya. In taya ta yi faci a tsakiyar daji, ba mai faci a gindin bishiya kamar yadda mu ke da su a bakin hanyar Keffi, sai ya kwance ta da kansa, ya nemo hujin, ya liƙe, ya buga famfo. In sarƙa ta tsinke ko birki ya ƙi kamawa, nasa ne. Saboda haka duk abin da zai ɗauka sai ya auna shi sau biyu, gama abin da ya ɗora a kariya ƙafarsa ce za ta biya kuɗin dakonsa a kan kowane tudu.

Wanda ya fara ƙetare Amurka a kan keke, wani Bature ne haifaffen Ingila mai suna Thomas Stevens. Ya tashi daga San Faransisko ran 22 ga Afrilu 1884, ya isa Boston ran 4 ga Agusta, mil wajen 3,700, a kan irin tsohon keken nan mai ƙatuwar ƙafa a gaba da 'yar ƙarama a baya. Guzurinsa duka bai wuce safa, da riga guda ta canji, da rigar ruwa wadda ita ce kuma tantinsa da shimfiɗarsa, da ƙaramar bindiga ba. Wajen sulusin hanyar ma da ƙafa ya yi, yana tura keken, don babu hanyar kirki. Ajala ya sami kwalta, ya fi Stevens sa'a ta nan. Amma shi akwai kayan da ba shi da ikon ragewa, watau tufafinsa, don su ne rabin laccar. Duk wanda ya taɓa hawan keke da babbar riga ya san fitinarta. Iska ta kan cika ta kamar tantani, ta riƙa ja da mutum baya, in kuwa ya yi sakaci bakinta ya shiga tsakanin sarƙa da haƙoranta, to, ya sami aikin yi. Mu nan daga gida zuwa kasuwa mu kan naɗe ta a kafaɗa, mu tattare ta a cinya. Shi kuwa a cikin irin wannan sutura ya yarda ya nuna kansa ga Amurka tun daga wannan gefe har wancan.

Sai kuma lokaci da yanayin ƙasa. Ya tashi cikin Yuni, farkon bazararsu, sa'ad da rana ta kan yi wajen sa'a 15 ba ta faɗi ba a Shikago. Wannan riba ce ga mai keke, don yana da haske isasshe. Amma ribar na tafe da hasararta. Mai zuwa Los Anjalas daga Shikago, ko ta ina ya bi, sai ya haye kogin Misisifi, ya ratsa filayen nan masu faɗi na tsakiyar ƙasar inda mutum zai wuni yana tafiya cikin gonakin alkama da masara, iska na dukansa, ba tudu ba inuwa. Sa'an nan ya hau duwatsun yamma, waɗanda ko mafi ƙanƙantar mashigarsu ta fi garin Jos bisa. Daga nan ya gangara hamada, cikin Yuli, lokacin da ma'aunin zafi ya kan wuce 40, kamar Sakkwato a watan Afrilu, garuruwa kuma nesa da juna. A irin wannan wuri ruwan sha ya fi kuɗi daraja. Manyan hanyoyin nan masu faɗi da Amurka ta yi suna da su ba a kafa dokar gina su ba sai 1956, saboda haka yawancin hanyar mai layi biyu ce, shi da manyan motoci su ke rabonta.

Amma duk waɗannan masu sauƙi ne a kan al'amarin masauki. Tudu da rana ba su san launin mutum ba, masu masauki kuwa sun sani. A Amurka ta 1952 baƙar fata ba shi da tabbacin za a sayar masa da abinci, ko a ba shi ɗaki, ko da kuɗinsa a hannu. Akwai ma garuruwan da ba a yarda rana ta faɗi baƙar fata na cikinsu ba. Abin ya kai har wani ma'aikacin gidan waya a Niyok, Victor Green, ya riƙa buga wani ɗan littafi tun daga 1936, wanda a ke kira Green Book, mai nuna wa baƙaƙe matafiya gidajen da za su karɓe su a kowane gari. Shi ma ɗin don masu mota aka yi shi. Mai mota in an kore shi a wannan gari, ya taka mai ya ƙara mil 50 zuwa na gaba. Mai keke da ya riga ya yi mil 80 tun asuba, ina zai sami ƙafar ƙarin 50?

Ran 12 ga Yuni 1952 ya bar Shikago. A yawancin wurare tafiyar ta yi kyau, an karɓe shi, an saurare shi. A garin Topeka, babban birnin jihar Kansas, nan ne ƙaya ta soke shi. Ya nemi ɗaki a masaukin YMCA na fararen fata, watau Ƙungiyar Samarin Kirista, aka hana shi. Da ya ƙi tafiya shiru, sai aka kira 'yan sanda, suka kulle shi sa'a 44. Mu da muka yi makarantar mishan, aka koya mana tun muna ƙanana cewa karɓar baƙo wajibi ne, wannan wuri na labarin yana da nauyin karantawa. Yaron da mishan ta koya wa karatu a Ikko, shi ne aka rufe wa ƙofa a gidan da ke ɗauke da sunan Kirista.

Ga kuma wani abin da ya kamata mu malaman gobe mu lura da shi. A daidai wannan lokaci, a wannan gari na Topeka, akwai wata shari'a da ke tafe. Cikin 1951 waɗansu iyaye baƙaƙe 13, har da wani mai suna Oliver Brown, sun kai hukumar ilmi ta garin ƙara, don ana tilasta wa 'ya'yansu zuwa makarantun firamare dabam da na fararen yara. Kotun fari ba ta ba su gaskiya ba, suka ɗaukaka ƙara. Ran 17 ga Mayu 1954 Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke cewa raba yara a makarantun gwamnati saboda launi ya saɓa wa tsarin mulkin ƙasar. Ashe ɗalibin nan na Nijeriya, a kan kekensa, ya faɗa tsakiyar garin da za a riƙa ambata a tarihin ilmi na duniya.

Da aka sake shi ya hau kekensa ya ci gaba. Ran 10 ga Yuli ya isa Los Anjalas, magajin garin, Fletcher Bowron, ya karɓe shi a babban ofishin birni. Kwana 28 ke nan, ya rage 2 cikin 30 da ya ɗiba. In an raba, mil 81 ne da 'yan kai kowace rana, wajen kilomita 130. In kuwa an cire kusan kwana biyun da ya yi a kulle, abin ya haura mil 87. Don a gane, a ce mutum ya tashi daga nan Mararaba da asuba, ya wuce Keffi, ya wuce Akwanga, ya kama hanyar Lafiya kafin ya sauka, sa'an nan gobe ya sake yin haka, jibi ma haka, har mako huɗu.

Jaridu suka buga labarinsa da hotonsa, sunansa ya fito. Kamfanin finafinai na 20th Century Fox ya ɗauke shi, ya fito cikin wani fim mai suna White Witch Doctor na 1953, tare da Robert Mitchum da Susan Hayward. Labarin fim ɗin kuwa na kurmin Kwango ne, irin dai hoton Afirka ɗin nan da ya sha rana mil 2,280 don ya goge daga zukatan mutane. Ban ga laifinsa ƙwarai ba, ɗalibi ne mai bukatar kuɗi, amma abin akwai ban dariya, akwai kuma ban takaici.

Daga nan al'amuransa suka fara rikicewa. Cikin 1953 aka gurfanar da shi gaban shari'a kan ba da cak na banki marasa kyau. Ya ce yaudararsa aka yi, amma aka same shi da laifi, aka yanke masa ɗaurin shekara 1, aka jingine hukuncin. Karatu kuma ya riga ya sha ruwa, ga shi kuwa da izinin ɗalibi ya ke zaune a ƙasar, sai hukuma ta ce a fitar da shi. Ajala ya je garin Gardena kusa da Los Anjalas, ya hau wani dogon ƙarfen rediyo mai tsawon ƙafa 80, ya ƙi saukowa, 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da 'yan kallo suka taru a ƙasa sa'o'i da yawa. Daga ƙarshe ya diro, ya ji ciwo a baya. Hujjar da ya kawo ta ƙin komawa gida ita ce wai in ya koma za a kashe shi bisa al'adar kabila. A nan kam ba zan kare shi ba. Mutumin da ya bi garuruwa 11 yana gaya wa Amurkawa cewa mutanensa ba yadda su ke zato ba ne, shi ne da wuya ta yi wuya ya ɗauko wannan zato nasu ya yi garkuwa da shi. Aka dai fitar da shi, amma Landan aka kai shi.

Wani da nan zai yi sanyi. Shi kuwa tafiyar keken nan ta riga ta koya masa sana'ar da zai yi har tsufansa. Cikin Afrilu 1957 ya tashi daga Landan a kan babur ƙirar Vespa, irin wanda mu ke kira basfa, da babbar rigarsa da hularsa. Ya yi shirin ƙasa 40 cikin wata 9. Wannan karon lissafin bai kama ba ko kusa, gama tafiyar ta ɗauke shi shekara 6, ƙasashen kuma suka kai 87. Ya ga Nehru na Indiya, har aka ɗauki hoton Nehru a kan babur ɗin. Ya ga Nikita Khrushchev na Rasha, da Sarkin Iran Muhammad Reza Pahlavi, da Jamal Abdul Nasir na Masar, da Golda Meir sa'ad da ta ke ministan harkokin waje ta Isra'ila. Ba wata gwamnati da ta aike shi, ba shi kuma da takardar jakada. In ya nemi iso aka hana shi, sai ya jira ranar da shugaban zai fito, ya kutsa da babur ɗinsa ta tsakanin masu gadi. Ya sha kamu saboda haka. A Urushalima, lokacin birnin na rabe biyu tsakanin Jodan da Isra'ila, sojoji na fuskantar juna da bindigogi, ya ratsa daga wannan gefe zuwa wancan a kan babur ɗin, Allah ya sa da sauran kwanansa.

Cikin 1963 aka buga littafinsa a Landan, mai suna An African Abroad, Tom Mboya na Kenya ya rubuta masa gabatarwa. Darajar littafin a wurina ita ce, shekara da shekaru Turawa ke zuwa ƙasashenmu, su dube mu, su koma su rubuta yadda suka ga dama. Barth ya yi, Clapperton ya yi. Ga ɗan Afirka ya juya abin, ya je ya dubi Indiya da Rasha da Ostareliya, ya rubuta abin da ya gani, har da halin da ya tarar da mutanen asali na Ostareliya a ciki. Ya yi niyyar littafin ya zama na fari cikin uku, amma sauran biyun ba su fito ba.

Da ya komo gida ya zauna a Ikko, ya shiga harkar jarida da tallata mawaƙa, ya zama ɗan gari wanda ba a babban biki ba shi. Ya yi aiki da mawaƙin fuji Sikiru Ayinde Barrister. Cikin 1972 Ebenezer Obey ya sa sunansa a waƙa cikin faifansa mai suna Board Members, waƙar ta bi gari, ita ce kuwa ta ƙarasa mai da sunan Ajala sunan kowane mai yawo. Wajen iyali kuwa, ya yi aure fiye da ɗaya a ƙasashe dabam dabam, ya bar 'ya'ya a warwatse, yawancinsu sun girma nesa da shi.

Ƙarshensa bai yi daɗi ba. Kuɗi suka ƙare, abokan biki suka janye. Ciwon shanyewar jiki ya kama shi, mutumin da ya taka ƙasa 87 ya koma kwance a ɗakin haya a Ikko, ba mai kula da shi sai kaɗan daga cikin 'ya'yansa. Ya rasu ran 2 ga Fabrairu 1999. Littafin nasa ma ya daɗe ba a samunsa a kasuwa, har 'yan Nijeriya da yawa masu kiran sunansa ba su san ya yi rubutu ba, sai cikin 2022 aka sake buga shi a nan gida.